Gashin Bakancen Velu

Shekara talatin da ɗaya Velu yana shan shayi a rumfata, ban taɓa ganin ya zauna a kujera da mazaunansa duka ba. Rabi a kai, rabi a iska, ƙafa ɗaya tana kaɗawa, makullin mota a hannu yana ta juya shi. In ka gan shi sai ka rantse an gaya masa yanzu mai kujerar zai zo. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Macha muke kiran juna, wato aboki. "Macha, kujerar nan tawa ce, ba mai tashinka, zauna mana." Sai ya yi dariya ya gyara zama, kafin in juya roti ɗaya ya koma bakin gaɓa.

Ni ne Sikkandar, mai shayi da roti, gurasarmu ta kasko, a ƙasan dogayen benayen nan na unguwar Sentul, a babban birnin ƙasar Malayawa. Shi kuma sunansa na yanka Thangavelu, amma duk unguwa Velu mai gas aka sani. An haife shi a wata gonar itatuwan roba, a layin ɗakunan lebura inda aka haifi ubansa. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara tsaga itace yana tarar ƙaro. Yana da ashirin da huɗu aka sayar da gonar, aka sare itatuwan, aka jera gidaje masu jan rufi a wurin. Ya zo birni da tabarma da tukunya biyu, ya samu aikin dakon tukunyar gas, daga baya ya mallaki 'yar motarsa ta akori-kura. Har yau wasu daga cikin gidajen da yake kai wa gas a kan filin da ya yi rarrafe suke.

Mutum ne mai tsari, amma irin tsarin da ke ba ni haushi. Mai dakon gas, kullum riga a goge kamar zai je ɗaurin aure, kafin ƙarfe goma ta koma tsumma. Katin shaidarsa a aljihun gaba yake, don in ɗan sanda ya tsayar da shi kada a ga ya kai hannu aljihun wando. In zai hau matakala yana fito, wai don matan da ke sama su ji tahowarsa kada su firgita. In ya shiga lif da mutane, hannayensa biyu a kan tukunyar gas, inda kowa zai gani. Ba wanda ya koya masa waɗannan abubuwa, shi ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya a hanya.

Ni ma baƙi ne kamarsa, yaren Tamil na Indiyawa na sha a nono kamarsa. Bambancinmu ni Musulmi ne, shi Murugan yake bauta wa. A masallaci ni ne Ba'indiyen nan, a wajen danginmu ni ne wanda ya bi Malayawa. Amma ni ba na haɗiye abu. Wanda ya taka ni a nan take zai ji, ko da kuwa zan rasa cinikinsa, kuma na rasa da yawa. Wata safiya wata mata tana zaune tana cin roti, Velu ya zo ya ja kujerar da ke kusa da ita. Sai ta ɗauke jakarta daga tebur ta rungume a ƙirji, kamar ta ga ɓarawon kasuwa. Na ajiye ludayi na ce, "Madam, mutumin nan ya fi shekara ashirin yana shiga kicin ɗin mutane, ko cokali bai taɓa ɓata ba."

Velu ya riƙe mini hannu. "Ba komai, macha. Jakarta ce, ta riƙe abinta."

Yana faɗa yana murmushi, haƙora duk a waje. Amma akwai wata 'yar tsoka a gefen muƙamuƙinsa, ƙasan kunne, da take harbawa kamar zuciyar tsuntsu. Na fi shekara ashirin ina kallon tsokar nan. Wata rana haƙorinsa ya tsage yana cin roti mai laushi, rotina da ko jariri zai tauna. Likitan haƙori ya ce masa shi ya niƙe shi da kansa, da cizon da yake yi bai sani ba. Velu ya dawo yana ba da labari yana dariya.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Kayal. Uwarta Vasantha ta rasu yarinyar tana da shekara tara. Shi ya riƙa yi mata kitso da safe kafin ya fita, kitson da in ka gani sai ka tausaya wa yarinyar, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A teburin nan na kusa da fanka ta yi duk aikin gidanta na makaranta. Kanta kuwa ba a magana. Ta ci jarrabawa ta fi kowa a ajinsu, ta nemi karatun likita, ba ta samu gurbi ba, wasu da ta ba rata suka samu. Ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba. Ubanta ya ce, "Ba komai, wata ƙofar za ta buɗe." Da ta shiga jami'a ta karanta harkar gwaje-gwaje, sai neman ɗaki kusa da makaranta. A gabana ta buga waya wajen mutum bakwai. Magana lafiya lau har sai an ce mata, "Wace ƙabila ce ke?" Tana faɗa sai ɗakin ya zama yanzun nan aka kama shi. Ubanta ya ce ba komai, motar haya ma tana kaiwa.

Bara waccan ta shiga wani bincike, ta riƙa yawo da akwatin roba cike da almakashi da zare da takarda mai ƙyalli. Na ce, "Kayal, duk karatun nan wanzanci ya koma?"

"Kawu Sikkandar, gashin mutane nake tarawa," in ji ta. Ta ajiye akwatin ta yi mana bayani, ni ina jan shayi, ubanta yana kaɗa ƙafa. Ta ce akwai wani sinadari, kotisol, da jiki yake saki cikin jini in mutum ya ji tsoro ko an wulaƙanta shi, don ya shirya gudu ko faɗa. Da safe yana da yawa, zuwa yamma ya kamata ya sauka. To in mutum kullum a shirye yake, ba ya gudu ba ya faɗa, abin yakan rikice, wani nasa ya ƙi sauka, wani jikinsa ya gaji da sakin ma. Kuma kaɗan daga ciki yana shiga gashi yayin da yake tsirowa. Ta nuna faɗin ɗan yatsanta ta ce tsawon haka daga fata kusan wata ɗaya ke nan. Suna yankan kaurin fensir daga ƙeya, dab da fata, a ɗaure da zare ta wajen gindin don a san ina ne jiya ina ne wata uku baya. Malayawa, Sinawa, Indiyawa, duk suna karɓa, su ga ko abin da mutum yake gamuwa da shi a titi yana fitowa a gashin.

"To me kuka gano?" na tambaye ta.

"Ba mu gama ba, Kawu. Da mun sani ai ba za mu auna ba. Matsalata maza Indiyawa da suka haura hamsin. Ba sa zuwa. Wanda ya zo kuma, duk tambayar da ka yi masa sai ya ce bai taɓa gani ba." Ta dubi ubanta. "Appa, kai fa?"

"Ni? Ai ni lafiyata ƙalau. Ki nemi masu damuwa." Ya miƙe, ya bar rabin shayinsa, ya ce ana jiransa a hawa na goma.

Ba a yi wata biyu ba ta zo da labarin cewa ta nemi gurbin ƙaro karatu a Ostireliya, shekara huɗu, kuma waɗanda suka je da wuya suke dawowa. A rumfar nan suka fara jayayyar.

"Can ɗin ba baƙa ce ke ba?" in ji Velu. "Ko jirgi yana wanke mutum?"

"Baƙa ce, Appa. Amma can baƙuwa ce ni, in an yi mini zan ce baƙunta ce. Nan aka haifi kakana."

"Me aka yi miki a nan? Kin yi karatu, kin ci, kin sha. Ƙasar nan ba ta yi mana komai ba."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "In ba ka ce je ki ba, ba inda za ni. Ba zan bar ka kai kaɗai da baƙin ciki ba. Amma da bakinka nake so in ji."

Tun daga makon nan Velu ya daina zuwa wajen wanzami. Kowa a unguwa ya san ma'anar haka. Mutum ya yi wa Murugan bakance, almakashi ba zai taɓa kansa ba, ko sili ɗaya, sai buƙata ta biya. Ranar bikinsu na shekara-shekara, Taipusam, ya je bakin rafi a gindin Kogon Batu a aske duka, a miƙa gashin cif yadda aka yi alkawari. Ba a kuma tambayar mutum me ya roƙa. Kayal ta ji daɗi har da hawaye. Ta ce mini, "Kawu, ka ga Appa, bakinsa yana musu amma ya je yana roƙa mini a ɗauke ni."

Ni dai na san Velu. Wata azahar rumfa ba kowa, na ajiye masa shayi na tsaya a kansa. "Macha, me ka roƙa?"

"Ba a faɗa."

"Ni ba ruwan Murugan da ni, faɗa mini."

Ya juya makulli ya fi sau goma. "Na roƙa kada ta tafi."

Wallahi sai da na zauna. Na ce, "Yarinya tana yawo tana gaya wa duniya ubanta yana mata addu'a, kai kana can kana ja mata ƙafa?"

"Ban roƙa ta faɗi ba. Na ce dai kada ta tafi. Yadda zai yi, shi ya sani." Ya dube ni. "In ta tafi, wa zan dafa wa shinkafa?"

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, duk a lokaci ɗaya.

Gashin nan ya ja masa wahalar da bai saba ba. Duk tsarin da ya gina a shekara talatin, suma da gemu suka rushe shi a wata biyar. Masu gadin da suka san fuskarsa suka fara cewa ya buɗe bayan mota. Wani sabon maigadi ya hana shi lif, ya hau hawa goma sha ɗaya da tukunya a kafaɗa, yana da shekara hamsin da takwas. 'Yan sanda suka tsayar da shi sau uku a wata ɗaya. Ya ƙara gugar riga, ya ƙara fito a matakala, ya sayi man kwakwa yana kwantar da sumar yana ɗaure ta a baya. Na ce ya je a auna masa jini, ya ce an auna, ya ɗan hau, ba komai.

Saura kwana goma sha biyu biki takarda ta zo. An ɗauki Kayal, har da kuɗin zama, kuma ana son amsarta kafin Juma'ar bayan biki. Ta shigo rumfa a guje, wayarta a sama, ta rungume ubanta ta baya har shayi ya zube.

"Appa, bakancenka ya karɓu. Ga biki ya zo daidai, sai ka je ka sauke sumar nan, ka huta da masu gadi. Amma kafin wanzami ya taɓa, ka bar ni in yanki kaurin fensir."

Velu ya ce, "Madalla. Madalla." Ya goge teburin da hannun rigarsa mai guga. "Askin dai a bari tukuna."

"A bari kamar yaya? Ai an biya maka."

"Akwai saura."

"Wane saura?"

Ya ci gaba da goge teburin. Ni kuma na duƙufa kan kasko kamar yau na fara suyar roti. Yarinyar ba wawiya ba ce. Ta dube shi, ta dube ni, na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta sauke wayar a hankali.

"Ba wannan ka roƙa ba," in ji ta.

"Kayal."

"Wata goma ina gode maka." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki akwatinta. "To ka kwantar da hankalinka, Appa. Na ce ba zan tafi ba sai ka ce, kuma ba zan tafi ba. Ka yi askinka ranar biki, roƙonka ya karɓu."

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya zauna lafiya, har ni. Velu yakan zo sau huɗu a yini, ya karɓi shayi, ya tsaya a tsaye, ya tafi bai sha ba. Kayal ta daina biyowa ta rumfa, sai ta zagaya ta bayan bene. Ni kuma na ƙona roti ya fi a ƙirga, na zagi mai kawo ƙwai a kan laifin da ba nasa ba. Sau biyu na ce zan je in same ta, sau biyu na fasa, don me zan ce mata? Velu ya samu abin da ya roƙa, amma ban taɓa ganin wanda ya ci nasara yana ramewa haka ba.

Saura kwana biyu biki, da la'asar, ya shigo ya tsaya a bakin kasko inda zafi ya fi yawa. Fuskarsa ta yi toka.

"Na gan ta yau," in ji shi.

Ashe ya kai gas wani dogon bene na masu hali, inda su Kayal suka kafa tebur a zauren ƙasa suna karɓar gashin mazauna wurin. Yana fitowa daga lif ɗin kaya sai ya hango ta, da farar rigarta ta aiki da katinta a wuya. Ita ba ta gan shi ba. Wani yaro ya zubar da lemo a ƙasa. Uwar yaron ta waiga, ta tsallake abokan aikin Kayal biyu, Basiniya da Bamalaya, ta taɓa kafaɗar Kayal ta ce ta kawo tsumma ta goge kafin wani ya zame. Ɗaya daga cikin abokan aikin ta yi saurin cewa ai wannan ita ce shugabar teburin. Matar ta ce au, ta ɗauka mai shara ce.

"To me Kayal ta ce?" na tambaya. Na riga na fara tafasa.

"Ta yi murmushi. Ta ce, ba komai, madam." Ya kai yatsa ƙasan kunnensa ya danna. "Nan wurin yana harbawa, macha. Daga inda nake tsaye ina gani."

"Kai ma ka san da tsokar?"

"A jikina take, ya za a yi ban sani ba?" Ya sauke yatsan. "Muryata ce fa. Yadda nake faɗa, haka ta faɗa. Shekararta ashirin da shida."

Ya fita bai karɓi shayi ba. Na bi shi da kallo har ya shiga mota, ya daɗe a ciki bai tayar ba.

Ranar biki tun da sassafe unguwa ta cika da masu rawayen kaya, mata da tulunan madara a ka, ana ta neman mota zuwa Kogon Batu. Na buɗe rumfa ke nan sai ga Velu, ya yi wanka, zane rawaya a ƙugu, ƙafa ba takalmi, suma a sake har kafaɗa. Ya ce in ba shi zaren da nake ɗaure ƙunshin roti. Ya juya mini ƙeya.

"Kaurin fensir. Nan tsakiya, sama da wuya kaɗan. Ka ɗaure dab da fata."

Na ce, "Ashe kana ji lokacin da take bayani."

"Ɗaure kawai."

"Macha, ni ba addinina ba ne, amma na san ƙa'idarku. In aka cire sili ɗaya kafin bakin rafi, bakance ya karye."

"Na fi ka sani. Ɗaure, sannan ka kira ta. Ni in na kira ba za ta ɗauka ba."

Na ɗaure, yatsuna duk gari. Kayal ta sauko da akwatinta, ido a kumbure. Ta ga zaren a ƙeyar ubanta, ta tsaya cak.

"Appa, ka san me kake yi?"

"Murugan zai sami gashin mutum dubu yau. Yanki naki."

Ta zagaya bayansa. Ta duba ɗaurina ta ce ya yi, wanda har yau ina alfahari da shi. Almakashi ya yi ƙara ɗaya. Ta kwantar da gashin a takarda mai ƙyalli, ta yi alama a wajen gindin, ta naɗe. Velu ya miƙe zai tafi.

"Zauna, Appa. Gashi shi kaɗai ba ya faɗin komai. Sai da takardar tambayoyi, in ba haka ba zubar da shi za a yi. A ƙa'ida ma ba ni ya kamata in tambaye ka ba. In kira abokiyar aikina?"

Ya dubi titi, ya dubi motarsa. Ya koma bakin kujerar. "Ke za ki tambaya."

Ta fito da takarda. Ta ce kowace tambaya amsarta ɗaya ce cikin biyar: bai taɓa faruwa ba, sau ɗaya a shekara, duk wata, duk mako, ko kusan kullum. Na rage wutar kasko. Mutum biyu suna jiran shayi, na ce su jira ko su tafi.

"Sau nawa ake yi maka abin da ya gaza ladabin da ake yi wa wasu?"

Makulli ya tsaya a hannunsa. Na ga bakinsa ya fara haɗa murmushin nan, ya kai rabi, ya sake shi. "Kusan kullum."

Ta yi alama. "Sau nawa mutane suke nuna kamar suna tsoronka?"

"Kullum. Tun kafin sumar."

"Sau nawa ake nuna kamar kai ba mai gaskiya ba ne?"

"Duk gidan da na shiga, akwai mai bina har kicin. Wata takan ƙirga cokulanta ina tsaye. Sa kullum."

"Sau nawa ake kiranka da sunan wulaƙanci?"

"Wannan ya ragu. Duk wata." Ya ɗan yi tunani. "Ranar da muka kai uwarki asibiti ma an kira ni. Wani a wajen ajiye motoci. Ina ɗauke da ita a hannu."

Alƙalamin ya tsaya. "Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Shekararki tara. Ci gaba."

Haka suka yi ta tafiya, tambaya goma sha wani abu. Ganguna suna wucewa a titi, shi yana amsawa da murya ɗaya, kamar mai karanta adireshin gidajen da zai kai gas. Abubuwan da ya faɗa, rabinsu ni ma ban taɓa ji ba, ni da nake ganin na san shi ciki da bai. Na ji kunya, don shekara talatin ina yi masa faɗan kujera ban taɓa tambayarsa abin da ya hana shi zama ba.

"Ta ƙarshe," in ji Kayal. "In hakan ta faru, me kake yi? Kana gaya wa wani, ko kana bari a cikinka?"

"Ina murmushi," in ji Velu. "Na kuma koya wa 'yata. Akwai wurin rubuta wannan?"

"Babu."

"Rubuta a gefe." Ya miƙe ya gyara zanensa. "Ban ce can za su fi mu ba. Wataƙila ki je ki tarar da irin nasu. Amma in za ki koyi wani abu, ki koya a wurin wanda ba ni ba. Ki amsa wa mutanen nan takardarsu yau, kada ki jira Juma'a. Je ki, Kayal."

Ta kifa kai a kan akwatin. Bai taɓa ta ba, ya dai tsaya kusa da ita yana juya makulli har ta ɗago.

Sakamakon gashin ba mu taɓa ji ba, kuma ba za mu ji ba. Lamba aka manna masa, ya shiga cikin na mutum ɗari huɗu, ko Kayal ba ta san wanne ne ba. Ta tafi bayan wata biyu. Velu yana nan yana kai gas, yana zuwa shayi, rabi a kujera rabi a iska. Shinkafa ya daina dafawa, a wajena yake cin rana.

Amma a ranar bikin, bayan ta hau sama, na rufe rumfa na raka shi, abin da ban taɓa yi ba. Muka kutsa cikin jama'a har bakin rafi inda wanzamai suka jera kujeru, gashi a ƙasa tuli-tuli, yara da manya ana shafa musu rawayen garin icen sandal mai ƙamshi a ƙoƙon kai. Na tsaya gefe da hulata, ba wanda ya ce mini komai. Layi ya zo kan Velu. Wanzamin dattijo ne mai jan baki saboda taunar ganye. Ya jiƙa sumar, ya ɗaga ta baya, ya ga gurbin da almakashi ya bari. Ya tsaya da aska a hannu.

"Wa ya taɓa wannan?"

"'Yata."

Dattijon ya girgiza kai. "To buƙatar dai ta biya?"

"A'a," in ji Velu.

"To askin na mene ne?"

Velu ya sunkuyar da kai ya ba shi ƙeya. "Na janye roƙon. Aske."